Bayan an cire mahaifa: gwajin "anapat" da iyalai da yawa ke bari a baya

Idan aka fito da mace daga ɗakin tiyata bayan an cire mata mahaifa, hankalin dangi kan koma kan ta farfaɗo, ɗinki ya kama, a biya sauran kuɗin ordonansi. Ɗa ko ƙane da ke Agadas, Abijan, Legas ko Aljeriya, wanda sau tari shi ne ya turo kuɗin aikin, zai samu saƙon murya a WhatsApp cewa an yi aiki lafiya. Sai ya yi hamdala ya koma bakin nemansa. Ba kasafai wani ke tambayar inda naman da aka ciro ya nufa ba.

A wurin likitoci kuwa aikin bai kammala ba sai an kai mahaifar ɗakin binciken nama, an yayyanka ta, an duba ta a ƙarƙashin madubin likita, an rubuto takarda. Wannan gwaji shi ne ma'aikatan lafiya a Nijar ke kira "anapat", gajeren sunansa na Faransanci. Takardar da ke fitowa daga can ita ke faɗin ko matar ta rabu da cutarta ke nan, ko kuwa akwai sauran magani a gaba wanda jinkirinsa zai iya cin ranta.

Abin da ido da eko ba sa gani

Dalilan cire mahaifa sanannu ne. Akwai ƙarin mahaifa da ake kira fibrom, akwai zubar jinin da ya ƙi jin magani, akwai zazzagowar mahaifa ga matan da suka yi haihuwa da yawa, akwai kansa. Akwai kuma aikin gaggawa na ceton rai, idan mahaifa ta fashe bayan doguwar naƙuda ko jini ya ɓalle bayan haihuwa.

Fibrom shi ne kan gaba a aikin da ba na gaggawa ba, kuma ya fi yawa ga baƙar fata. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2003 ya nuna cewa kafin su cika shekara 50, sama da kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen mata suna da shi, ko sun sani ko ba su sani ba. Mahaifar da ba ta da ciki tsawonta bai wuce santimita 7 zuwa 8 ba, amma fibrom na iya kumbura ta har ta kai kilo da yawa, mace ta riƙa yawo kamar mai tsohon ciki. Kusan dukkan fibrom ba kansa ba ne. Matsalar tana cikin kalmar "kusan".

Akwai wata kansar tsokar mahaifa, sarkom, wadda ke kama da fibrom a hoton eko, ta kuma yi kama da shi a hannun likitan da ke aikin. Labarin Dokta Amy Reed ne ya sa duniya ta farga da ita. Likita ce ƴar Amurka, mai ƴaƴa shida, an yi mata aikin cire mahaifa a birnin Boston a 2013 bisa zaton fibrom ne, aka yi amfani da wata na'ura mai daddatsa nama a cikin ciki don a fitar da shi ta ƙaramar kafa. Bayan kwanaki sakamakon anapat ya nuna sarkom ce, na'urar kuma ta riga ta watsa ta. A 2014 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan na'urar, tare da ƙiyasin cewa mace 1 cikin 350 da ake yi wa aiki saboda fibrom tana ɗauke da irin wannan kansa ba a sani ba. Wasu masana na ganin adadin bai kai haka ba, amma babu mai musun cewa madubi kaɗai ke raba gardama. Dokta Reed ta rasu a 2017. Ita likita ce, mijinta likitan tiyata ne, a ɗaya daga cikin biranen da suka fi ko'ina manyan asibitoci, amma babu wanda ya gane cutar sai da nama ya je ɗakin bincike.

Haka abin yake ga shimfiɗar cikin mahaifa, wadda ke zuba duk wata a matsayin al'ada. Wani lokaci takan yi kauri fiye da kima, ƙwayoyinta su fara sauya kama. Wani binciken na Amurka da ya fito a 2006 ya bi matan da gwajin farko ya nuna suna da irin wannan sauyi, sai aka tarar kusan kashi 43 cikin 100 daga cikinsu kansa ta riga ta kama su da aka duba mahaifar gaba ɗaya bayan aiki.

Wani lokaci kuma takardar kwanciyar hankali take kawowa. Mace ta shekara goma tana fama da ciwon mara da jini mai yawa, an kai ta wurin masu magani iri-iri, har an fara cewa sammu ne ko iska. Madubi sai ya nuna shimfiɗar ce ta kutsa cikin tsokar mahaifa, cutar da ake kira adenomiyoz. Ba kansa ba ce, kuma cire mahaifar ya gama da ita.

Daga ɗakin tiyata zuwa roba

A nan ne yawancin asarar ke faruwa, tun kafin nama ya ga idon masani. Da zarar an raba mahaifa da jiki, jini ya daina kai mata, ƙwayoyinta kan fara narkar da kansu. Shimfiɗar ciki, wadda ita aka fi buƙatar gani, ita ce ke fara lalacewa. A zafin Afrilu da Mayu na Tawa ko Damagaram, lokacin da ma'auni ke haura 40, abin ya fi sauri.

Maganin wannan shi ne formol mai kashi 10 cikin 100, ruwa mai yaji a ido da hanci, wanda ke daskarar da nama yadda yake. Ƙa'idar da aka sani ita ce ruwan ya kai ninki goma na girman naman. Mahaifar da fibrom ya kumbura tana buƙatar bokiti mai murfi da lita da yawa, kwalbar mayonnaise ba za ta ɗauke ta ba. Formol kuma a hankali yake ratsa nama, kimanin milimita ɗaya a awa. Bangon mahaifa na kai santimita biyu, fibrom kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Idan aka jefa ta a dunƙule, waje zai daskare, ciki ya ruɓe. Shi ya sa ake son likita ko ma'aikacin da ya san hannu ya tsaga ta tun a asibiti don ruwan ya shiga.

Ruwan sanyi ba ya maye gurbin formol, ruwan gishiri na ƙarin ruwa ma haka. Sanya naman a firiza, wanda wasu ke ɗauka dabara ce, ɓarna ce: ƙanƙara na farfasa ƙwayoyin ta yadda masani ba zai iya karanta su ba. Amma idan naman ya sha formol yadda ya kamata na kwana ɗaya zuwa biyu, zai jure tafiyar mota daga Maraɗi zuwa Yamai, kilomita sama da 600, ko daga Damagaram mai kusan 900, ba tare da ya lalace ba.

A ƙasashen yankin nan sau da yawa dangi ake miƙa wa robar, tare da takarda, a ce su kai. Duk wanda wannan nauyi ya faɗa kansa ya duba abu kaɗan kafin ya bar asibiti: ruwan ya rufe naman gaba ɗaya, murfi ya kama, sunan majinyaciya da shekarunta da ranar aiki suna jikin robar ba a murfi kaɗai ba, takardar likita kuma na ɗauke da bayanin cutar da lambar wayarsa. Formol guba ne, kada a ajiye shi kusa da abinci ko inda yara ke kaiwa. Kada kuma robar ta yi makonni a ƙarƙashin gado ana jiran a haɗa kuɗin mota, domin daɗewa fiye da kima a cikin ruwan na rage ingancin wasu gwaje-gwajen da za a iya buƙata daga baya.

Yadda ake karanta nama

A ɗakin bincike, masani kan fara da awo: nauyi, tsawo, faɗi, da sassan da suka iso. Sai ya yanka mahaifar yanka-yanka, ya ƙirga ƙulluttukan, ya dubi launinsu. Fibrom na gaskiya fari ne, mai tauri, mai zane kamar murɗaɗɗen zare. Wanda ya yi laushi, ya yi rawaya ko ya tara jini, shi ake ƙara ɗiba daga jikinsa. Ana ɗaukar ƴan guntaye daga bakin mahaifa, daga shimfiɗa haɗe da tsoka, da duk inda ido bai yarda da shi ba. Kowane guntu bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba.

Guntayen ana tsotse ruwan jikinsu da alkol, a dasa su cikin kakin farafin har su zama ɗan dunƙule mai tauri. Wata na'ura mai kaifi ta fere dunƙulen siriri, kauri mikron 3 zuwa 5, alhali gashin kai ɗaya na kai mikron 70. Ana shimfiɗa feren a kan gilashi a rina shi da launi biyu. Ɗaya, wanda ake samu daga wata itaciya ta Meziko da Amurka ta Tsakiya, yana rina cibiyar ƙwaya shuɗi. Ɗayan na rina saura ja-ja. Hanya ce da ta haura shekara ɗari, har yau kuma ita ce ginshiƙin gano kansa daga Yamai har Paris. Inda kayan aiki da ma'aikata suka wadata, sakamako kan fito cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Idan kansa ce, takardar ba ta tsayawa ga suna. Za ta faɗi irinta, da zurfin da ta ci. A kansar shimfiɗar mahaifa, ana auna ko ta ci ƙasa da rabin kaurin tsoka ko ta kai rabi, kuma a kan irin wannan awo ake yanke shawarar ko aikin ya wadatar ko sai an ƙara da gashi. Za ta faɗi ko gefen da wuƙa ta bi yana da tsabta, da ko cutar ta isa kaluluwa idan an ciro su. Kansar bakin mahaifa ta fi tsanani a wannan fanni. Idan ta yi zurfi, cire mahaifa irin na yau da kullum bai isa ba, sai babban aiki mai haɗawa da naman kewaye, irin wanda likitan Vienna, Ernst Wertheim, ya fara a 1898, ko kuma gashi. Macen da aka yi wa ƙaramin aiki saboda "zubar jini" alhali kansa ce, za ta ji sauƙi na wasu watanni, cutar na ci gaba a ɓoye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata kusan 660,000 suka kamu da wannan kansa, kusan 350,000 suka mutu, mafi yawansu a ƙasashe matalauta.

Cututtukan da ke da magani a kusa

Ba duk mummunan sakamako ne ke nufin kansa ba. A ƙasa irin Nijar, inda yara mata ke wanki da ɗibar ruwa a kogin Isa, a tabkuna da magudanan noman rani, madubi kan ci karo da ƙwan tsutsar tsargiya a maƙale a bakin mahaifa. Mutane sun san tsargiya da fitsarin jini ga yara maza. Ga mata takan yi miki a al'aura mai zubar da jini, har ido ya ɗauka kansa ce. Ana ƙiyasta mata da ƴan mata miliyan 56 ke ɗauke da wannan nau'i a Afirka kudu da Sahara. Maganinta ƙwayar praziquantel ce, wadda ake rabawa a makarantu. Takarda ɗaya ta anapat na iya sa a kula da ƙanne da ƴaƴan matar da ke shiga ruwa ɗaya da ita.

Tarin fuka ma kan sauka a mahaifa da bututun ƙwai, ya hana haihuwa shekara da shekaru ba tare da tari ko ɗaya ba. Idan madubi ya gano shi, akwai maganin wata shida da dole a sha, domin cire mahaifa bai fitar da ƙwayar cutar daga jiki ba.

Sai wata kansa da ke tasowa daga mabiyiya, bayan ɓari, bayan haihuwa, ko bayan cikin da ya rikiɗe ya zama ƴan ƙulluttukan ruwa kamar nonon inabi. Tana saurin zuwa huhu, tana kama mata masu ƙuruciya. Amma tana cikin kansar farko da aka taɓa warkarwa da magani kaɗai, tun 1956 a Amurka, kuma ana bin sawunta da gwajin sinadarin nan da ke nuna mace na da ciki. Duk wannan sai an san ita ce.

Masana kaɗan, hanya mai nisa

Wani rahoto da mujallar Lancet Oncology ta wallafa a 2013 ya nuna cewa, in ban da Afirka ta Kudu da Botswana, ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba su da masanin binciken nama ko ɗaya ga kowane mutum 500,000, alhali a Amurka da Ingila ana da ɗaya ga mutum 15,000 zuwa 20,000. A Nijar wannan aiki ya daɗe yana tattare a Yamai. A ɗakin binciken nama na tsangayar likitanci ta Jami'ar Abdou Moumouni aka kafa rajistar masu kansa ta ƙasa a 1992, kuma daga irin waɗannan takardu ake ƙirga yawan cutar. Duk mahaifar da aka rufe ba a duba ba, in tana da kansa, ba ta shiga lissafin da ake tsara kasafin lafiya a kansa.

Ana yin aikin cire mahaifa a asibitin haihuwa na Issaka Gazoby da ke Yamai, da cibiyoyin uwa da yaro na jihohi, da asibitocin kuɗi. Masu wuƙa sun fi masu madubi yawa ƙwarai. Wasu iyalai na Maraɗi, Damagaram da Ƙonni kan tsallaka Kano ko Sakkwato, inda asibitocin koyarwa na Aminu Kano da na Usmanu Danfodiyo ke da sashen binciken nama. Ko a can aka yi aikin, ƙa'idar ɗaya ce: a dawo gida da takarda.

A da, mai ƙin gwajin na iya cewa ko an gano kansa babu abin yi. Wannan hujja ta yi rauni. Tun 2005 gwamnati ta ayyana haihuwa ta hanyar tiyata kyauta, a 2007 ta ƙara da kansar mata, ko da yake jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya sha sa iyalai sayen kaya da aljihunsu. A 2021 kuma aka buɗe sashen gashi na farko a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa, CNLC, a Yamai, da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Likitan kansa ba zai ɗora mace a kan na'urar gashi ko ya ɗaura mata ruwan magani mai ƙarfi ba tare da shaidar madubi ba.

Rufewa da sirri

Akwai dalilin da ya fi kuɗi nauyi a zukatan mutane. Musulmi sun saba rufe duk abin da ya fita daga jikin ɗan Adam, daga mabiyiya har gaɓar da aka yanke, don girmama shi. Tsohuwa za ta ji nauyin a ɗauki wani sashe na jikin ƴarta a saka a bas. Abubuwan biyu ba sa karo da juna kamar yadda ake zato. Ɗakin bincike guntaye kaɗan yake riƙewa, iyali kuma na iya neman a ba su sauran bayan sakamako ya fito, su rufe. Magana ce da ya kamata a yi da likita tun kafin ranar aiki.

Sai sirri. A ƙasar da binciken 2012 ya nuna mace na haihuwar sama da ƴaƴa bakwai a rayuwarta, rasa mahaifa ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga mai ƙuruciya ko mai kishiya. Wasu matan ba sa son dangin miji su ji, wasu ma ba a faɗa musu dalla-dalla abin da aka cire ba. Roba mai suna a jiki tana tona abin da ake son rufewa. Wannan damuwa ce ta gaskiya, amma mutum ɗaya amintacce ya isa ya kai saƙon ya karɓo amsa.

Gwajin kuma kariya ne ga mata ta wata fuskar, domin shi ke nuna ko abin da likita ya ce ya gani yana nan. A 1953 wani likita a Amurka, James Doyle, ya bi diddigin aikin cire mahaifa 6,248 da aka yi a asibitoci 35, ya tarar kaso mai yawa ba su da ƙwaƙƙwaran dalili. A Indiya, a 2019, hukumomin jihar Maharashtra sun amsa cewa an cire mahaifa 4,605 cikin shekara uku a gundumar Beed kaɗai, da yawa daga cikin matan masu saran rake ne. Asibitin da ya san kowace mahaifa za ta je gaban wani masani daban yakan yi tunani sau biyu kafin ya ɗaga wuƙa. Sai dai a yi adalci: mahaifar da ta zazzago, ko wadda aka cire don tsayar da jinin haihuwa, na iya fitowa lafiya lau a madubi, aikin kuma yana kan daidai.

Idan takarda ta fito

Da Faransanci ake rubuta ta a Nijar, da Turanci a Najeriya, cike da kalmomin da ko mai digiri ba lallai ya gane ba. Ɗaukar hotonta a tura wa ɗan uwa a ƙetare ya bincika a intanet ba ya maye gurbin komawa wurin likitan da ya yi aikin. A ranar randebu akwai tambayoyin da matar ke da haƙƙin jin amsarsu da Hausa. Kansa ce ko ba kansa ba? Akwai sauran magani, kuma yaushe za a fara? An bar bakin mahaifa ko an haɗa da shi? Idan an bar shi, kamar yadda ake yawan yi a aikin gaggawa, to tana nan cikin masu buƙatar gwajin kansar bakin mahaifa lokaci-lokaci, ko da al'ada ta ɗauke. An cire ƙwayayen biyu? Idan an cire su ga mai ƙuruciya, zafin jiki da gumin dare da za su biyo baya suna da dalili, suna kuma da magani.

A saman takardar akwai wata lamba. Ita ce lambar dunƙulen farafin da gilasan da ɗakin bincike ke ajiyewa shekara da shekaru. Idan an yi shakkar sakamako, ko likitan kansa a Yamai, Kano ko Tunis ya nemi ƙarin gwaji, da wannan lamba ake neman dunƙulen a kai masa, ba sai an sake taɓa jikin matar ba. A yi kwafin takardar, a saka asalin cikin karnen asibiti.